Yadda Ake Haɗa Tarihin Ƙauye: Hanyar Masu Binciken Karkarar Ingila da Amfaninta a Ƙasar Adar

A karkarar Ingila akwai ƙauyuka masu tarin yawa, waɗansu mutanensu ba su wuce ɗari biyu ko uku ba, da aka rubuta tarihinsu dalla-dalla: wanda ya mallaki kowace gona, shekarar da annoba ta shigo, gidajen da suka tashi da waɗanda suka zo suka maye gurbinsu. Da yawa daga cikin masu wannan aiki ba malaman jami'a ba ne. Malaman makaranta ne da suka yi ritaya, da limaman majami'a, da manoman da suka ƙwallafa rai ga sanin asalin ƙasar da suke nomawa. Mu a jahar Tawa muna da tarihin Adar baki ɗayanta, wanda Djibo Hamani ya bincika aka buga a Yamai a 1975, amma labarin ƙauyukan da ke tsakanin Illela, Keita, Buza, Madawa da Birnin Ƙonni, kowane da kansa, mafi yawansa yana bakin tsofaffi ne har yanzu. Mai son ya ɗauki ƙauye guda ya rubuta tarihinsa zai ƙaru da sanin yadda mutanen Ingila suke aiki, domin ko da yake takardunsu ba irin namu ba ne, tsarin da suke bi wajen auna shaida yana aiki a ko'ina.

Abu na farko shi ne a shata iyaka, kuma a shata ta ƙarama. Ma'aunin masu binciken Ingila shi ne gundumar majami'a, wato yankin da majami'a guda take kula da shi, da limaminta da makabartarta da ushirin amfanin gonar da ake ba ta a zamanin da. Iyakokin mafi yawan waɗannan gundumomi sun zauna tun wajen shekara ta 1200, daga baya kuma hukuma ta riƙa ɗora musu ayyuka, kamar gyaran hanyoyi daga 1555 da ciyar da matalauta bisa dokar 1601, har zuwa 1894 da aka raba aikin mulki da na addini aka kafa ƙananan majalisu. Wannan ne ya sa takardun ɗaruruwan shekaru suka taru a kan ɗan yanki guda da mutum zai iya zagayawa da ƙafa cikin yini. Mutanen gundumomin ma sun kasance da al'adar fita a zaga iyakar gunduma sau ɗaya a shekara tare da yara, domin idan manya suka shuɗe a sami masu tuna dutsen ko itacen da ke raba su da maƙwabta. A wurinmu komin, wato ƙaramar hukuma, ba za ta yi ba, domin ta yi faɗi kuma sabuwa ce, zaɓen majalisunta na farko a faɗin ƙasa a 2004 aka yi shi. Kanton ma ba zai yi ba, tunda Nasara sun yanka sun kuma haɗa yadda ya dace da mulkinsu. Abin da ya fi shi ne ƙauye da gonakinsa da rijiyoyinsa da makabartunsa da tungayen da suka fita daga cikinsa. A nemi izinin maigari, a sa ya haɗa mai bincike da dattijo ɗaya ko biyu, a zaga iyakar bayan kaka lokacin da gonaki suka buɗe. Inda maƙwabta suka ce iyakar ba nan take ba, a rubuta abin da kowane ɓangare ya faɗa da sunan wanda ya faɗa, kada mai bincike ya mai da kansa alƙali. Wani lokaci ma za a tarar gari guda asalinsa biyu ne, kamar yadda ake ba da labarin Tawa kanta, cewa daga Bilbis da Fakawa ta haɗu.

Bayan an sami iyaka, a fara daga yau a riƙa komawa baya. Nan ne mafi yawan sababbin masu bincike suke tuntuɓe, domin kowa yana ɗokin ya fara da kakan da ya fito daga gabas. A Ingila abin da ke jan hankalin sabon shiga shi ne kundin Domesday, binciken da Sarki William ya sa aka yi a 1086, wanda ya ambaci wurare fiye da 13,000, da wanda ke riƙe da kowane wuri a zamanin Sarki Edward, kafin William ya ci ƙasar, da wanda ke riƙe da shi a lokacin binciken, da yawan garmunan shanu da injinan niƙa na ruwa da kuɗin da wurin yake kawowa. Kundi ne mai daraja, yana nan ajiye a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew, amma an yi shi ne domin sarki ya san dukiyar ƙasar da ya ci da yaƙi. Bai ƙirga yara da mafi yawan mata ba, bai shigar da Landan ba, kuma tsakaninsa da mutanen da ke raye akwai ratar da ba a tsallakewa da zato. Ƙwararru sukan iso gare shi a ƙarshe. Suna farawa da ƙidayar jama'a, wadda aka soma a 1801 ana maimaitawa duk shekara goma, aka fara rubuta sunan kowane mutum a 1841, aka ƙara ainihin shekarunsa da garin haihuwarsa a 1851. Ana rufe takardun shekara ɗari kafin a buɗe su, shi ya sa na 1921 sai a 2022 jama'a suka gan su. Daga gidan da aka sani a ƙidaya ake kama zaren zuwa uba, daga uba zuwa kaka, ba a matsawa sai an tabbatar da mahaɗin.

Akwai wata dabara da ta fi kowace dacewa da halinmu, kuma ba ta buƙatar ma'ajiyar takardu. A 1700 da 1701 wani manomi mai ilimi, Richard Gough, ya zauna rubuta tarihin gundumarsu ta Myddle a yankin Shropshire. A wancan zamanin kowane benci na majami'a na wani gida ne ko wata gona, sai ya zana taswirar bencin duka, ya riƙa ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana ba da labarin gidan da ke zama a kai: daga ina suka zo, wa suka aura, yadda suka sami gonar, yadda wasu suka rasa ta. Amfanin wannan tsari shi ne ba ya barin marubuci ya tsallake talaka ya tsaya ga masu sarauta kawai, domin benci na gaba yana jiransa ko ya so ko bai so ba. Mai bincike a Adar sai ya sami babbar takarda ya zana ƙauyen gida-gida, unguwa-unguwa, ya ba kowane gida lamba, sa'an nan ya buɗe wa kowace lamba shafi a littafi. A shafin za a rubuta mai gida, mahaifinsa, kakansa, wanda ya fara kafa gidan da inda ya fito, garuruwan da aka auro matan gidan, sana'ar gado idan akwai, da gonakin gandu da na gamana. Kafin a gama zagaye ɗaya za a ga tsarin da ba a taɓa lura da shi ba, kamar a ce unguwar maƙera duk daga gari ɗaya suka taso, ko kuma gidajen da ke kusa da tsohuwar rijiya ne suke riƙe da gonakin fadama. Abu ɗaya ne bai kamata a koya daga Gough ba: ya rubuta mashaya da masu cin bashi da sunayensu, abin da ya sauƙaƙa masa kuwa shi ne ba a buga aikinsa ba sai fiye da shekara ɗari bayan rasuwarsa.

Ƙashin bayan tarihin ƙauye a Ingila shi ne rajistar majami'a. A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin kowane limami ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza duk ranar Lahadi, a ajiye littafin cikin akwati mai makulli biyu. Da aka ga takarda tana lalacewa, a 1598 aka ce a kwafe komai a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop, wato babban limamin yankin, kwafi kowace shekara. Masu kwafin da yawa sun tsaya a 1558, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Farko ta hau gado, abin da ya sa rajistocin gundumomi masu yawa daga nan suke farawa. An tsananta dokar rubuta aure daga 1754, an kawo littattafai masu gurabe bugaggu a 1813, hukuma kuma ta fara tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa a 1837. Yadda ake cin moriyarsu shi ne a ɗauki kowane layi a rubuta shi a ƴar takarda dabam, a tara na kowane miji da mata wuri guda, har iyalin ya tashi a gaban mai bincike da ranar aure da jerin ƴaƴa da waɗanda suka rasu suna ƙanana. Wani Bafaranshe masanin ƙidaya, Louis Henry, shi ya tsara wannan hanya, masanin tarihi E. A. Wrigley kuma ya gwada ta a kan garin Colyton na yankin Devon, ya buga sakamakon a 1966. Da irin wannan aiki aka gane cewa a ƙarni na 17 matan karkarar Ingila sukan kai shekara 25 ko 26 kafin auren fari, kuma da rajistar jana'iza ake bin annobar da ta kashe mutum kimanin 260 a ƙauyen Eyam a 1665 da 1666, gida bayan gida. Amma rajistar tana da tarkonta. Ranar baftisma ba ranar haihuwa ba ce, waɗanda suka bar majami'ar hukuma sau da yawa ba sa ciki, shekarun yaƙin basasa na 1640 da ƴan kai sun bar giɓi, kuma kafin 1752 sabuwar shekara a ranar 25 ga Maris take kamawa, saboda haka abin da aka rubuta Fabrairun 1700 a lissafinmu na yau Fabrairun 1701 ne.

Ba mu da littafi irin wannan, kuma bai kamata a ɓata lokaci ana baƙin ciki a kai ba, domin ana iya gina madadinsa. A zauna da kowace tsohuwa, zai fi kyau mace ce za ta yi tambayar, a bi haihuwarta tun daga ɗan fari har auta, da masu rai da waɗanda suka koma, da damina ko ranin da kowane ya zo. A roƙi malamai su duba bangon littattafan da suka gada, domin akwai waɗanda iyayensu suka rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar fari a gefen shafi da Larabci ko ajami. Idan an sami shekarar Hijira a tuna ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, wato kusan shekara guda cikin kowace 33, kada a riƙa ƙara adadi iri ɗaya a kan kowace shekarar Hijira a ce an sami ta Miladiyya. A duba rajistar lakwal ta farko da aka buɗe a ƙauyen ko a garin kanton, da ta gidan likita, da ta ma'aikatar magajin gari. Takardar haihuwar da aka yi wa mutum a kotu bayan ya girma kuwa, wadda ta ce an haife shi wajen shekara kaza ko ranar 1 ga Janairu, ƙiyasi ce, kuma da sunan ƙiyasi za a shigar da ita.

Daga nan za a ci karo da abin da ya ba masanan Ingila mamaki. Limamin Clayworth a yankin Nottinghamshire ya rubuta sunayen mutanen ƙauyensa duka a 1676, ya sake rubutawa a 1688, da masanin tarihi Peter Laslett ya gwama jerin biyu sai ya tarar kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen farko ba sa nan bayan shekara 12, wasu sun mutu, wasu sun ƙaura, alhali yawan jama'ar bai canza sosai ba. Ƙauyen da ake ɗauka zaune yake tun fil azal ashe mutanensa shiga da fita suke yi. Ba'adare ba ya buƙatar a gaya masa wannan, tunda da wuya a sami gidan da ba shi da wani a Abijan ko Kamaru ko Libiya ko Najeriya. Saboda haka a buɗe wa tafiya babi nata: wanda ya fara zuwa kowace ƙasa, hanyar da aka bi, wanda ya sauke baƙi a can, da abin da kuɗin tafiya ya gina ko ya saya a gida.

Ƙasa ita ma shaida ce, kuma W. G. Hoskins na jami'ar Leicester ya shahara da nacewa a kan mai tarihin ƙauye ya fita ya taka ta da ƙafarsa. Bayan dokar 1836 da ta mai da ushirin amfanin gona kuɗi, an zana taswirar dubban gundumomi, aka ba kowace gona lamba, aka rubuta mai ita da mai noma ta da sunanta da abin da ake yi da ita. Mai bincike yakan ɗauki wannan taswira ya shiga gonaki yana gwamawa. Yakan ga kunyoyin noman zamanin da a ƙarƙashin ciyawar makiyaya, alamar filin da aka taɓa nomawa tare kafin dokokin killace filaye, mafi yawansu tsakanin 1750 da 1850, su raba shi. Yakan ƙirga ire-iren itatuwa a cikin yadi 30 na shingen gona, bisa ƙiyasin wani masani, Max Hooper, cewa kowane iri guda yana nuna kusan shekara ɗari a tsufan shingen, ko da yake ƙiyasi ne da ba a dogara da shi shi kaɗai. A Wharram Percy na yankin Yorkshire, inda aka yi bincike daga 1950 zuwa 1990, tudun ƙasa da kangon majami'a ne suka rage, kuma aikin ya nuna an tashi mutanen ƙarshe ne wajen 1500 domin a mai da gonakin makiyayar tumaki. Namu alamomin ba su gaza waɗannan ba: kufai da kaskon tukwane a warwatse, rijiyar da ta cike, ramukan marina, ragowar ganuwa, kashin tama inda aka yi ƙira, layin gamba da ke raba gonaki, burtalin da noma ya matse, kukar da ta tsaya ita kaɗai a inda babu gida yanzu. A ɗauki hoton kowane, a rubuta wurinsa da wayar hannu, a tambayi sunan da manoma suke kiran wurin da shi. Sunaye irin su Gidan wane, Tungar wane, Zango da Birni suna nuna yadda aka fara zama, kamar yadda sunan da ya ƙare da -by a Ingila yake nuna zaman mutanen da suka ƙetaro daga Denmark da maƙwabtanta. A Yamai a nemi tsofaffin taswirori da hotunan jirgin sama na shekarun 1950 a hukumar taswira ta ƙasa, a gwama su da hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth, musamman a yankin Keita inda aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 ya sauya fuskar tuddai da kwaruruka. Kada a tona kufai ko kabari. Idan an ga abin da ya cancanci tono, a sanar da masu binciken kayan tarihi na IRSH, cibiyar binciken tarihi da al'adun jama'a da ke Yamai.

Hira da tsofaffi ita ce aikin da ba ya jira, don haka ita za a ba mafi yawan lokaci. A je da goro, a gaisa yadda ya kamata, a ce Baba ko Inna, a ce wa malami Allah ya gafarta malam, a ce wa mai sarauta ranka ya daɗe, a bayyana abin da za a yi da maganar kafin a kunna na'ura. Zaman farko a fadar maigari yana da amfani domin ladabi da kuma jin labarin da gari ya yarda a faɗa a bainar jama'a, amma ba a nan ake samun tarihi duka ba, domin idan babba ya yi magana ƙarami ba zai musa ba. Sai a bi mutane ɗaya-ɗaya a gidajensu. A nemi maƙera da wanzamai da mahauta da maroƙa, da gidajen da suka riƙe al'adun gargajiya na ƙasa tun kafin Musulunci ya game ko'ina, da Fulani da Buzayen da suke shayarwa a rijiyar garin, kowa a cikin harshen da ya fi sakewa da shi. Bayan kowane labari a yi tambaya guda da ba a tsallakewa: Baba, wannan ka gani da idonka ne, ko kuwa wa ya gaya maka? Mutum uku da suka ji daga bakin kaka ɗaya shaida ɗaya ce, ba uku ba. Kirari da waƙa da take a ɗauke su kalma da kalma, domin sukan riƙe sunaye da al'amuran da zance na yau da kullum ya riga ya goge. Wajen mai da hira rubutu a bar Adaranci yadda aka furta shi, kada a gyara shi ya koma Hausar littafi.

Domin a sa wa labari shekara, a haɗa jerin manyan al'amuran da kowa ya sani, a riƙa jingina sauran a jikinsu: wucewar rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine da ta ɓarnata Birnin Ƙonni a watan Mayun 1899, yunwar 1913 zuwa 1914 da ake kira Kakalaba a wurare da yawa, yaƙin Kawusan na 1916 da 1917, soke aikin tilas a 1946, samun ƴancin kai a 1960, farin 1973 da juyin mulkin Seyni Kountché a Afrilun 1974, da yunwar 1984 da ake ce wa El Buhari. Sunan yunwa yakan bambanta daga gari zuwa gari, wani suna ɗaya ma yakan hau shekaru biyu dabam, saboda haka a tabbatar da wadda ake nufi ta hanyar tambayar wanda ke sarauta a lokacin ko wanda aka haifa a shekarar. Jerin masu gari shi ma a auna shi. Idan an ce mutum biyar ne suka yi sarauta tun kafuwar gari, aka kuma ce garin ya girmi zuwan Agabba, ɗan sarkin Agadas da ya ci Adar a ƙarshen ƙarni na 17, to lissafin bai hau ba: ko an manta da wasu, ko an cire wani reshe da gangan, ko kuma garin bai kai tsufan da ake faɗa ba.

Sai bayan an yi wannan duka ake zuwa ma'ajiyar takardu, domin a lokacin mai bincike ya san sunayen da yake nema. A Ingila kowane lardi yana da ma'ajiyarsa inda aka tattara akwatunan majami'u, ga kuma babban aikin rubuta tarihin larduna gunduma-gunduma da aka fara a 1899 wanda har yau ba a kammala ba. Mu namu suna ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai, inda ake samun rahotannin rangadin kumandan da bayanan da suka rubuta a kan kowane yanki da takardun ƙidayar haraji da na shari'a, wasu kuma suna Dakar da Aix-en-Provence a Faransa. A cibiyar IRSH akwai dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya fara tarawa, cibiyar CELHTO kuma tun 1968 take aikin tattara tarihin baka. A nemi sunan ƙauyen da kowace irin rubutawa da kunnen Bafaranshe zai iya ba shi. Kowace takarda a tambaye ta wanda ya rubuta ta da abin da yake nema. Harajin murhu da aka karɓa a Ingila daga 1662 zuwa 1689 ya bar jerin sunayen masu gidaje da yawan murhunsu, amma an yafe wa matalauta, wasu kuma sun toshe murhu don su rage biya, saboda haka ba a ɗaukar jerin a matsayin yawan jama'a. Haka ƙidayar kumandan take: mutane sun ɓoye ƴaƴa da dabbobi saboda haraji da aikin tilas da ɗaukar soja, maganar kuma ta bi ta bakin tafinta da na sarkin kanton kafin ta hau takarda. Alƙaluman ƙidayar 1977, 1988, 2001 da 2012 sun fi waɗancan inganci, sai dai a duba ko an haɗa tungaye da uwar gari a wata ƙidayar an raba su a wata. A ganina takardun shari'a sun fi rahotanni amfani, domin a nan ne talaka yake magana da sunansa, kamar yadda tambayoyin da aka riƙa yi wa matalauta a Ingila, don a san gundumar da nauyinsu yake kanta, suka adana rayuwar ƴan ƙwadago da barori da babu su a wani kundi.

Wajen rubutawa, kowace magana ta zo da mai ita: wane ya faɗa a rana kaza, ko takarda mai lamba kaza ta nuna, ko an gani a fili, ko kuwa fahimtar marubuci ce. Inda riwayoyi biyu suka saɓa a kawo su duka, a faɗi wadda ta fi ƙarfi da dalili. Abubuwa uku suna buƙatar taka-tsantsan na musamman, wato asalin bauta, rikicin sarauta da iyakar gona, domin littafin tarihi yana iya zama makami a gaban kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kada a danganta wani gida da bauta da sunansa ba tare da yardar mutanensa ba. Ana iya bayyana yadda al'amarin ya gudana a garin ba tare da an nuna wa kowa yatsa ba. Kafin a buga, a koma ƙauyen a karanta wa waɗanda suka ba da labarin, maza dabam mata dabam, a rubuta gyaran da suka yi da sunan wanda ya yi shi. Kowane sauti da aka ɗauka a sa masa sunan mai magana da garinsa da ranar hira, a fitar da shi daga waya tun ba ta ɓace ko ta lalace ba. Littafin da sautukan da hotunan a yi musu kwafi uku: ɗaya a hannun maigari ko shugaban lakwal, ɗaya a jami'ar Tawa, ɗaya kuma a IRSH a Yamai, tare da takardar da ta fayyace hirarrakin da masu su suka yarda kowa ya saurara da waɗanda suka ce a rufe sai bayan ransu.